Marsandin Malam: Kuɗin Saye da Kuɗin Riƙo

Tsohuwar motar alfarma farashi biyu gare ta. Akwai wanda ake biya rana ɗaya a gaban dillali, akwai kuma wanda ake biya sannu a hankali a bakin gareji. Na farkon raguwa yake yi yayin da mota ke tsufa, har ta kai ma'aikaci mai matsakaicin albashi ya iya miƙa hannu. Na biyun kuwa yana nan inda kamfani ya ajiye shi tun ranar da aka ƙera ta domin attajirai. Wannan shi ne karatun da wani malamin firamare na Madarunfa, wanda yanzu ya yi ritaya, ya kwashe shekaru yana yi a jikin motarsa.

A shekarar 2009 Malam ya sayi Marsandi E 280 ƙirar 1994, zubin da kamfanin Mercedes-Benz ke kira W124, wadda ta shigo ta tashar jiragen ruwa ta Kwatano bayan ta gama ƙuruciyarta a Turai. Kuɗinta bai kai na ƙaramar Toyota da ba ta kai ta shekaru ba. Tun yana saurayi yake ganin alhazan Maraɗi cikin Marsandi, saboda haka da ta zo masa da sauƙi bai tsaya dogon bincike ba. Motar kuwa ta yi wa unguwa rana. Ita ke ɗaukar amarya, ita ake buga wa ƙofa cikin dare idan naƙuda ta yi gardama, a kai mai ciki asibitin Maraɗi, tafiyar kilomita 20 da ƴan kai.

Zafi ne ya fara gwada ta. A watannin Afrilu da Mayu ma'aunin zafi kan wuce 40 a wannan yanki, alhali wuyan lagireton motar na roba ne, yana bushewa ya tsage, fankar da ke sanyaya injin kuma tana rage ƙarfi idan ta tsufa. Wani yaron gareji ya cika lagireton da ruwan rijiya maimakon ruwan sanyaya inji mai hana tsatsa, ruwan ya riƙa cin kan injin, wanda na alminiyam ne. Injin wannan zubi, mai silinda 6, dama an san shi da yoyon baƙin mai ta gaskit ɗin kansa. Da ya yi zafi sau biyu a hanyar Ɗan Isa, sai mai ya gauraya da ruwa. Aka sauke kan injin, aka kai shi wajen masu gogewa, aka sayo gaskit da sababbin kusoshi. Albashin wata biyu ya tafi a kan ɓarnar da ƴan jikkuna kaɗan na ruwan kirki za su hana.

Cuta ta biyu gadonta ta yi daga masana'anta. A farkon shekarun 1990 kamfanin ya lulluɓe wayoyin injin waɗansu motocinsa da wata irin roba wadda zafi ke busarwa har ta riƙa marmashewa kamar busasshen ganye. Idan wayoyi tsirara suka taɓa juna, mota ta dinga shaƙewa, ta mutu a tsaye, wani lokaci ma ƙwaƙwalwar injin ta ƙone. Sau uku ana naɗe wa Malam wayoyin da salatif, kowane naɗi da kuɗinsa, kafin ya yarda ya sayi damin wayoyin gaba ɗaya. Da ya haɗa kuɗin facin, sai ya tarar ya kusa rabin kuɗin sabon damin. Araha dai ba ta ado.

Sauran matsalolin daga ƙasa suke tasowa. Laushin tafiyar da ake yaba wa Marsandi ya dogara ne da hannaye 5 da ke riƙe da kowace tayar baya, kowane hannu da robobinsa. Kwalta mai ramuka da rairayin hanyoyin ƙauye suna cinye su, kuma ba a canza guda a bar sauran. Giyarta mai canza kanta tana son manta na musamman da sabuwar matata a kan lokaci. Makullan ƙofofi da iska suke aiki ta cikin siraran bututai, ɗaya ya huje sai a wuni ana neman inda yake. Ƙurar hunturu tana toshe matatar iska, man ƴan ruwa-ruwa da ake sayarwa cikin kwalabe kuma yakan zo da datti ya kashe famfon mai. Ga ta da ci: fiye da lita 10 a kilomita 100. Muddin man Najeriya yana da tallafi, wannan bai dami Malam ba. Da aka janye tallafin a Mayun 2023, sai ya fara lissafa kowace fita.

Tsadar gyara kuwa ba a jikin ƙarfen kaɗai take ba, har da nisan da yake tafiya. Sabon kaya na asali da Yuro ake sayensa, Yuro ɗaya kusan sefa 656, ga kuɗin jigila da na duwan. Na hannu kuma, wanda aka ciro daga motar da ta mutu, galibi daga kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano yake zuwa, ya biyo ta Katsina da Jibiya. Lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da kuma lokacin takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin Yulin 2023, motar ta yi watanni a kan duwatsu tana jiran abin da bai fi tafin hannu ba.

Har harshe yana da nasa kason a cikin asarar. Bakaniken Maraɗi ya koyi sana'a da kalmomin da aka aro daga Faransanci, ɗan kasuwar Kano kuwa da na Ingilishi. Abin da wannan ke kira buji, wancan fulogi ya sani. Dukansu Hausa suke yi a waya, amma sau biyu ana aiko wa Malam kayan da ba su ne ya nema ba, kuma kayan da suka ƙetare iyaka ba sa komawa. Daga baya ya daina kwatance, ya riƙa tura hoton abin da ya lalace tare da lambar da ke jikinsa da lambar sasin motar, domin lamba ba ta da karin harshe.

Abin da ya fi komai ci masa kuɗi shi ne gyaran lalube. Yawancin kanikawan yankin a kan Fijo da Toyota suka ƙware. Idan Marsandi ta zo musu, sai a canza wannan a gwada, a canza wancan a gwada, mai mota yana biya. Sai da Malam ya samu wani dattijon bakanike a Maraɗi wanda ya tsufa a cikin Marsandi, mai kasa kunne ga inji kafin ya ɗauki sifana. Ladansa ya fi na kowa, amma sau ɗaya ake biyansa. Da tsohuwar zuma ake magani.

Da ritaya ta zo, kuɗin shiga ya ragu, ga ƴaƴa biyu a jami'a, sai iyali suka matsa a sayar. Dillalai suka taya ta da kuɗin da bai kai abin da ta ci a shekaru biyun baya ba. Malam ya ɗauko littafin da yake rubuta kowane gyara, kamar yadda ya saba riƙe rajistar aji, ya raba shafi gida biyu. A gefe guda ya sa abin da ke riƙe da ran mota da ran fasinja: birki, taya, ruwan sanyaya inji, juyen mai. A ɗaya gefen ya sa na jin daɗi: na'urar sanyaya ciki, gilashin lantarki, fenti. Na farko ya ware masa kuɗi duk wata, ko mota ta yi ciwo ko ba ta yi ba. Na biyu ya yafe shi. Ya sayi babur don zirga-zirgar kasuwa da gona, motar kuma ba ta fita sai don asibiti ko babbar hidima.

Ɗaliban da za su karɓi albashin fari nan gaba kaɗan za su tarar da irin waɗannan motoci a bakin titi, suna sheƙi, farashinsu kamar kyauta. Kafin a yi ciniki, ya kamata mai saye ya san wanda zai gyara ta a garinsu, da inda kayanta za su fito, da abin da zai iya warewa duk wata ba tare da tukunyar gida ta ji a jikinta ba. Wanda ya sayi doki, tun kafin damina ta wuce yake tanadin harawa.