DAYIS ƊIN DA NA KAI LOLO

 Yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, labarin wata tafiya ce da na yi wadda har yanzu in na tuna sai kunya ta kama ni.

A farkon watan Maris na 2023 ne aka sa bikin 'yar Goggona a Lolo, can ƙarshen ƙaramar hukumar Bagudo ta jihar Kebbi. Auren kafin azumi ne, ga kuma wahalar takardun naira da ake fama da ita a lokacin, kuɗin mota ma sai da Yayana ya kwana biyu yana bin layi. Daga Kano muka bi ta Jega, muka ratse a Koko, sai Bagudo. Ni da ban taɓa ganin ruwan da ya wuce na Tiga ba, da muka hau gadar Tuga na leƙa na ga kogin Kwara shimfiɗe da jiragen masunta a kansa, wallahi sai na ƙanƙame hannun Innata kamar yarinya.

Lolo gari ne na bakin ruwa da bakin iyaka. Kana 'yar tafiya kaɗan sai ka ji an ce ai ka shiga Jamhuriyar Benin, ga Madekali nan, gaba kuma Malanbil mai babbar kasuwa. A gidan biki kaɗai na ji Hausa, na ji Dandanci, na ji Zabarmanci da Fillanci, kuma duk dangi ne, don rabin 'yan bikin daga tsallake suka zo. A kasuwa sefa da naira tare suke yawo. Shinkafa da albasa da busasshen kifi kuwa ba a magana.

To ni 'yar birni, sai na ce bari in burge su. A jakata na taho da dayis ƙulli shida, da nufin a yi wa amarya zanen fulawa baƙi siɗik irin wanda ake yayi a Kano. Goggo ta karɓa ta sansana, ta miƙo mini. Ta ce, "'Yata, abin da zai kama fata kafin a sauke tukunya, ban yarda da shi a jikin amaryata ba." Na yi dariya a raina na ce ƙauyanci. Ita kuwa ta daka ganyen lalle ta tankaɗe, ta kwaɓa, aka ɗaure wa amarya hannu da ƙafa ta kwana da shi. Mu 'yan mata muka koma ɗaki, na zane ƙanwar amarya tun daga yatsu har gwiwar hannu. Ko awa ɗaya ba a yi ba ya kama, kowa na ta santi.

Washegari da yamma, 8 ga wata, wata ƙawar amarya ta nuna mana a wayarta cewa yau Indiyawa ke bikin nan nasu na watsa kala, wanda suke kira Holi. Duk wadda ta kalli Sholay na 1975, inda Dharmendra da Hema Malini ke rawa cikin jan gari da kore, ta san shi. Bikin mabiya addinin Hindu ne, suna yin sa a ƙarshen Fabrairu ko cikin Maris, lokacin da sanyi ke tafiya zafi na shigowa, daidai da lokacin da mu ma hunturu ya gama busar mana da fata ya bar mu da kaushi da faso. Goggo ta leƙo ta kalla, ba rawar ce ta dame ta ba, cewa ta yi, "Oh ni, waɗannan mata da me suke wanke kai?"

Tambayar ta tsaya mini a rai, sai bayan na koma gida na bincika. Ashe kafin su fita sai sun shafe jiki da man kwakwa tun daga fuska har bayan kunne, su cika gashi da mai su tufke shi, wasu su ɗaura ɗankwali, su yanke farce. Man yana shiga tsakanin fata da kalar, sai ta zauna a sama ba ta kama ba. Ku duba fa, dalilin da ya sa mai lalle ke cewa kada ki shafa mai kafin ki zo ke nan. In an dawo kuma ba a dirza da soso, ba a sa ruwan zafi, sai a kakkaɓe garin a wanke a hankali a sake shafa mai. A da can daga furanni da kurkur suke haɗa kalolin, yanzu da yawa rinin masana'anta ne, shi ya sa likitocinsu ke ta gargaɗi kan ƙuraje da ciwon ido duk shekara.

Matan wannan yanki ba sai an koya musu wannan ba. Itacen kaɗanya cike yake a dajin Kaoje har cikin Benin, kuma man kaɗe a gidan Goggo kamar gishiri yake. Ranar kamu, kafin 'yan mata su fara fesa wa juna ruwan lalle da turare, sai da ta sa kowacce ta shafa shi a wuya da gefen kitso. Amarya kuwa bayan an kwance lallen ne aka mulke ta da shi, lallen ya fito ja mai duhu kamar cikakken dabino.

Ranar ɗaurin aure da asuba muka ji kuka. Ƙanwar amarya ce. Hannun nan ya kumbura, duk inda zanen ya bi ya tashi ya yi ruwa, fulawa ta koma ƙuna, ƙaiƙayi ya hana ta barci. Jikina ya yi sanyi. Aka ɗauke ta a babur sai asibiti, ina bayanta ina hawaye. Ma'aikaciyar jinyar ta kalle ni ta ce, "Ke kika yi mata?" Na sunkuyar da kai.

Ita ta fara gaya mini cewa dayis ba lalle ba ne. Akwai wani sinadari a cikinsa da ake kira PPD, na rinin gashi ne, ba a yi shi don zama a kan fata ba. Mugun halinsa shi ne ba lallai ya nuna a karon farko ba. Yarinyar nan ta yi shi da sallar da ta wuce lafiya ƙalau, ashe tun lokacin jikinta ya ɗauki gaba da shi. Kuma in jiki ya ƙi shi, ya ƙi ke nan har abada, ko baƙin rinin gashi ta shafa nan gaba zai iya tayar mata. Wannan kam man kaɗe ba ya tare shi, kada wata ta ce za ta shafa mai ta yi dayis. Aka ba ta maganin shafawa da na ƙaiƙayi, aka ce kada ta kuskura ta fasa ƙurajen.

Haka ta yi bikin yayarta hannu naɗe cikin mayafi, ko hoto ɗaya ba ta yarda ta shiga ba. Goggo ba ta ce mini uffan ba, da ma faɗa ta yi da ya fi mini sauƙi. Ranar da za mu taho ta ɗauro mini curin man kaɗe da garin lalle a tsumma, ta ce, "Ki kai wa 'yan birni."

Sauran ƙulli biyar ɗin a masai na zuba su. Da babbar salla yarinyar ta turo mini hoton hannunta, har lokacin shatin fulawar na nan, ana ƙirga ganyenta ɗaya bayan ɗaya.