Tutar ruwan ɗorawa

Sa'ad da nake yaro a Damagaram, ba wasan da nake so kamar tseren motar kara. Mukan feƙe karan dawa mu haɗa mota, mu yanka tsohon takalmin roba mu yi mata taya huɗu. Sai mu ɗaura mata zare, mu yi ta gudu da ita cikin rairayin unguwar Birni. Wanda motarsa ta watse a hanya, shi ake yi wa dariya. Da na bar lakkol, babana ya kai ni garaji koyon aiki. A shekarar 1991 na tafi Faransa ƙaro sani, na samu aiki a wani ƙaramin garaji a tsakiyar ƙasar. Can ne na yi tseren mota na gaske. Labarin kwana biyu daga ciki zan ba ku.

Bari in fara gaya muku irin motar. Sunanta 2CV, ƙirar kamfanin Citroën. Faransawa na ce mata "de shebo", wato doki biyu. Kakanninku sun san ta, don ta yi zamani a ƙasarmu. An fara nuna ta a birnin Paris a 1948, aka daina ƙera ta a 1990. Don manoma aka yi ta. Injinta ƙarami ne, silinda biyu gare shi, kuma iska ke sanyaya shi, ba ruwa ba. Tayoyin gaba ke jan ta. Ko a kan godoro ba ta wuce kilomita 115 a awa. Amma akwai ta da juriya. A 1973 motoci 60 irinta sun taso daga Abijan, suka ratsa ƙasarmu ta Agadas da Tenere, har suka isa Tunis, tafiyar kilomita 8.000.

A watan Yuli na 1972, kusa da wani gari mai suna Arjanton, aka fara tseren waɗannan motoci a kan turɓaya. Tseren ya karɓu, ƙungiyoyi suka yi ta shirya shi a ƙauyuka. Masu yin sa ba sana'arsu ba ce. Akwai manomi, akwai mai gasa burodi, akwai malamin lakkol. Ba a biyan kowa. Kai za ka sayi isansinka da tayarka, ka biya kuɗin shiga, ranar Litinin kuma ka koma bakin aikinka.

Maigidana yana cikin wata ƙungiya irin wannan. Shi ya ba ni wata tsohuwar 2CV da kaji ke kwana a cikinta bayan garaji. Wata takwas na yi ina gyaranta, kullum bayan an tashi daga aiki. Na cire gilasai duka da kujerun baya. Na sa ragar waya a gaba don duwatsu. Na haɗa kejin bututun ƙarfe a ciki, don ko motar ta kife kada rufin ya danne ni. Na je likita ya auna ni, sannan hukumar wasan motoci ta Faransa ta ba ni takardar izini. Duk abin da na tara a shekarar, bayan wanda nake aika wa gida, cikin motar nan ya shiga. Na shafa mata koren fenti, na rubuta mata lamba 27.

Wata Asabar ta watan Yuni na 1996 muka ɗora ta a tirela tun da asuba. Filin tseren gonar wani mutum ce, an fitar da hanya mai kwana-kwana a ciki, tsawonta bai kai kilomita guda ba. An tara ƙasa a gefe da gefe kamar kunya. Motoci sun kai arba'in. Kowa ya kafa tanti kusa da tasa.

Kafin a bar ka ka tuƙa, sai an duba motarka. Masu dubawa suka jijjiga kejin, suka ja ɗamarar kujera, suka juya hular kwanona ciki da waje. Daga nan shugaban tsere ya tara mu, ya ɗaga tutoci ɗaya bayan ɗaya, ko da yake kowa ya san su. Ja, a dakatar da tsere. Shuɗiya, wani da ya fi ka gudu yana bayanka. Mai zanen dara baƙi da fari, tsere ya ƙare. Da ya zo kan mai ruwan ɗorawa sai ya daɗe yana riƙe da ita. Ya ce: "Wannan tana nufin akwai hatsari a gaba. Ku rage gudu. Kada kowa ya wuce kowa. Mutanena suna cikin hanya, su kuwa ba su da keji." Mutanen da yake nufi su ne masu tsaron hanya. Suna tsaye a kowace kwana da kaya masu ruwan lemo. Su ke kaɗa tuta, su ke tura motar da ta mace, su ke tayar da wadda ta kife. Su ma ba a biyan su ko dala.

Da rana aka yi gwaji, ana auna lokacin kowa da agogo. Zagaye na farko tsoro ya kama ni. 2CV mota ce mai laushin ƙafa, in ta sha kwana sai ta kwanta gefe guda kamar raƙumi zai durƙusa. A zagaye na uku na fara jin daɗinta. A na biyar na faɗa wani rami da ƙarfi, sai na ji ƙas! Inji yana ta kuka, mota ba ta tafiya. Kardan ya karye, wato sandar ƙarfen da ke kai ƙarfin inji ga taya.

Aka jawo ni da tarakta. Ba mu zo da wani kardan ba, shaguna kuwa sun rufe sai Litinin. Na zauna a kan taya na yi tagumi. Wata takwas ke nan sun tafi a zagaye biyar.

Mai tantin da ke kusa da namu wani dattijo ne, manomi, mai lamba 8. Ya kai shekara sittin, hannuwansa kamar faskare. Ya zo ya leƙa ƙarƙashin motata, bai ce kome ba, ya koma. Jim kaɗan sai ga shi da kardan naɗe cikin tsumma.

Na ce: "Mushe, nawa zan biya?"

Ya ce: "Sa shi tukuna, samari. Gobe ina son in ga wanda zan yi tsere da shi."

Na ce: "In naku ya karye fa?"

Ya ce: "Sai in zo in cire wannan."

Muka yi dariya. Shi ya riƙe mini fitila har ƙarfe goma sha ɗaya na dare. Matarsa ta kawo mana miya mai zafi da burodi. Da muka gama ya bi noti ukun da ke riƙe da tayar, ya taɓa kowane da hannunsa, sannan ya tafi ya kwanta.

Ranar Lahadi mutanen ƙauyuka suka cika gefen fili. Aka kasa mu rukuni-rukuni. Wanda ya yi kyau a rukuninsa ya wuce gaba, har a tace waɗanda za su yi tseren ƙarshe. Tsakanin tsere da tsere tarakta na zagayawa da tankin ruwa tana yayyafa wa hanya don ƙura. Na zo na huɗu a tseren farko, na zo na biyu a na gaba. Da la'asar aka manna takarda a allo. Lamba 27 tana cikin masu tseren ƙarshe. Lamba 8 ma tana ciki.

Lokacin rana ta busar da hanya sarai. Da aka ba da alama muka tashi gaba ɗaya, ƙura ta turnuƙe, ƙofa na gugar ƙofa. Ba na jin kome sai kukan inji da bugun zuciyata. Da aka yi rabi ina na biyar. Wani ya zame ya hau kunya, na zama na huɗu. Wanda ke gabana kuwa dattijon nan ne. Mutum uku na farko ake ba kofi. Zagaye huɗu ina manne da shi. In na nemi dama ya tare, in na nemi hagu ya tare. Ya san hanyar kamar gonarsa.

Saura zagaye biyu, muna dosar wata kwana mai gangara, sai na hangi tutar ruwan ɗorawa tana kaɗawa. Na gan ta sarai, ba zan ce ƙura ta rufe mini ita ba. Dattijo ya ɗaga ƙafa daga totur, motarsa ta rage gudu, gefensa na dama ya buɗe. Ƙofar da nake nema tun ɗazu ke nan. Ban yi shawara da kowa ba, har da kaina. Na taka totur na shige.

Ina fitowa daga kwanar sai ga mota a kife, tayoyinta sama. Mutum uku masu kayan lemo suna ƙoƙarin tayar da ita. Ɗayansu yana tsaye daidai inda na nufa. Na murɗa sitiyari, shi kuma ya yi tsalle ya faɗa bayan kunya. Tsakanina da shi bai fi kamu ɗaya ba. Na wuce. Aka kaɗa mini tutar dara ina na uku.

Maigidana ya rungume ni yana ihu. Aka manna sakamako: lamba 27, na uku. Ba wanda ya kai ƙara. Mai tutar kwanar hankalinsa yana kan motar da ta kife, ƙura kuma ta rufe lambobi. Aka ce nan da rabin awa za a ba da kofi.

Dattijo ya fito daga motarsa, ya cire hular kwano, ya zo ya ba ni hannu. Ya ce: "Kardan ya riƙe." Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Da zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Na tafi wajen famfo in wanke fuska. Can na tarar da wani saurayi mai kayan lemo, bai fi shekara goma sha tara ba. Yana wanke gwiwar hannunsa da ta ƙuje. Yana gaya wa abokinsa: "Wata mota ta kusa kwashe ni. Ban ga lambarta ba." Yana faɗa yana dariya, amma kofin ruwan da ke hannunsa rawa yake yi. Na dube shi, na tuna da ƙanena da na baro a gida, sa'ansa ne. Wannan yaro ya bar barcinsa na Lahadi, ya tsaya cikin rana tun safe, don in na kife ya tayar da ni. Abin da ya sa ya yarda ya shiga hanya kuwa, ya amince duk wanda ya ga tutar zai ɗaga ƙafa.

Na ce masa: "Lamba 27 ce. Ni ne. Ka yi mini gafara."

Ya dube ni, dariyar ta ɗauke. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ya ɗauki hularsa ya tafi.

Daga nan na nufi rumfar shugaban tsere. Tafiyar ba ta fi taki hamsin ba, amma ta fi mini wata takwas ɗin nan tsawo. Na ce: "Mushe, na wuce lamba 8 a ƙarƙashin tutar ruwan ɗorawa." Ya ajiye alƙalaminsa. Ya ce: "Ka ga tutar?" Da na ce ban gani ba, ba mai ƙaryata ni. Na ce: "Na gan ta." Ya kira alƙalan tsere, suka yi shawara ta ƴan mintoci. Suka cire sunana daga sakamakon, suka ja mini kunne a gaban kowa. Maigidana bai yi mini magana ba har muka ɗaure mota a tirela.

Dattijo aka ba kofi na uku. Ɗan ƙaramin kofi ne, ko shayin mutum biyu ba zai ci ba. Da yamma na kwance kardan ɗinsa na kai masa. Ya ƙi karɓa.

Na ce: "Mushe, kun ga sa'ad da na wuce ku?"

Ya ce: "Na gani."

Na ce: "Me ya hana ku kai ƙara?"

Ya ce: "Jira nake in ga ko kai ma ka gani. Riƙe kardan, samari. Akwai wani tseren a watan Satumba."

Na je na watan Satumba, na zo na tara. Shekara uku na yi ina tsere, ban taɓa cin kofi ba. A shekara ta biyu na ajiye mota ranar wata Lahadi, na sa kayan lemo, na tsaya a kwana da tuta a hannu. Ran nan na san yadda ƙarar mota take a kunnen wanda ke tsaye da ƙafa biyu. Saurayin nan ma yana wurin. Da azahar ya raba burodinsa biyu ya miƙo mini rabi.

Yanzu na dawo Damagaram, ina da garajina. Akwai lakkol kusa da mu. In an tashi yara, sukan tsallaka hanya a guje, ba mai kaɗa musu tuta. Duk yaron da ya zo koyon aiki wurina, kafin in bar shi ya gwada motar mutane ko babur, sai na kai shi bakin hanyar nan ya tsaya, ya ji yadda mota ke wuce mutum. Sannan in ba shi wannan labari, kamar yadda na ba ku.