Kafin ki kwaikwayi kicin ɗin Italiya, ki leƙa Gwale

Uwargida, in kina cikin masu duba Instagram da daddare bayan yara sun yi barci, na san kin taɓa cin karo da shi: kicin mai bango ruwan ƙasa, daɓen jan bulo, itatuwa sun gitta a rufi, tukwanen jan ƙarfe a rataye, ga tafarnuwa an yi mata kitso tana lilo a bakin taga. Kicin irin na ƙauyen Italiya ke nan, musamman yankin Tuskani. 'Yar yayata da za a kai ɗaki bayan Babbar Sallah ta nuna mini hotonsa, ta ce ita irinsa take so. Har an yi mata lissafin tayil da fenti da sabon katako wanda za a tsufar da shi da gangan. Da na ji kuɗin sai da na yi salati. Na ce ta shirya ranar Asabar mu je Gwale gai da Gwaggo. Ke ma ɗauko mayafinki ki biyo mu.

In kin shigo ta Kabuga, adaidaita sahu zai sauke ki a Tal'udu, ga Goron Dutse can yana kallonki. Daga nan gara ki taka da ƙafa, don lungunan cikin gari ba su san mota ba. Za ki lura siminti da kwano sun ci yawancin gidaje, amma jefi-jefi sai ki ga tsohon soro da zankwayensa da indararo, bangon ya yi kaurin da yaro zai iya kwanciya a kai. Gidan Gwaggo yana cikin irin waɗannan. Kina shiga soron za ki ji sanyi ya dake ki, ko da ana tsakar zafin watan Afrilu, domin ginin tubali a hankali yake shan zafin rana, sai dare ya yi yake sakinsa.

Madafin yana ƙuryar tsakar gida. Ɗaga kai tukuna. Itatuwan da kika gani a hoton Italiya ga 'yan'uwansu nan: azara ce ta giginya, wadda gara ba ta cika yi mata ɓarna ba, hayaƙin shekara da shekaru ya mayar da ita baƙa wuluk tana sheƙi. Daga jikinta ragaya ta sauko riƙe da ƙwaryar man shanu, nesa da kyanwa da kiyashi. Dubi ƙasa kuma. Wannan daɓe ne, mata suka taru suka buge shi da madaɓi suna waƙa, aka shafe shi da makuba, ruwan ɓawon ɗorawa, har ya yi ja-ja mai duhu. Launin da 'yar yayata take nema a gwangwanin fenti ke nan. Na kalle ta, ta sunkuyar da kai tana dariya.

Sai kayan aiki. Murhu mai duwatsu uku. Tukunyar tuwo daban, ta miya daban. Madambaci mai huje-huje a gindi. Tanda ta waina. Turmi a kife, taɓarya a jingine, muciya da maburgi da mara da ludayi a soke a jikin bango. Akushi baƙi an rufe shi da faifai. A inuwa kuma randa ce zaune a kan yashi mai laima, moɗa a bisa murfinta. Ki sha ruwan nan kafin ki ce komai. Jikin randa yana tsattsafo, iska tana busar da shi tana tafiya da zafin, shi ya sa ruwan yake sanyi ba tare da an jira wuta ba. Da wannan hikimar ce Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya yaɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana tumatir da alayyafo, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000.

Abin da ya fi ba ni mamaki da na bi diddigin na Italiyan, shi ne su ma ba ado suka zauna yi ba. Kalmar terakota da ake ta yayi, a harshensu gasasshiyar ƙasa kawai take nufi, wato dai aikin maginan tukwane. Garin Impruneta kusa da Fulorens ya yi ɗaruruwan shekaru yana wannan sana'a. Manoman arewacin ƙasar suna tuƙa garin masara a tukunyar jan ƙarfe da sanda, su kira shi polenta. Ki ɗora masa miyar kuka ki ga ko ba tuwon masara ba ne. A Tuskani akwai miyar wake da ganye da busasshen burodi wadda sunanta ma, ribollita, yana nufin an sake tafasawa. Ɗumame ke nan. Su da bakinsu suna kiran irin wannan girki girkin talaka. Tukunya ta hau bango ne don babu kabad, tafarnuwa ta rataya don ta bushe ta kai baɗi. Daga baya masu kuɗin Amurka da Ingila suka gani suka ce kyau ne, kamfanoni suka shiga ƙera sabon abu mai kamar tsoho.

To amma kada in yaudare ki. Gwaggo ba ta ga abin sha'awa a madafinta ba. Da 'yar yayata ta ɗaga waya za ta ɗauki azarar nan hoto, cewa ta yi, “Ke 'yar nan, kunkunniya kike ɗauka? Ita ta cinye mini ido.” Gaskiyarta. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gida yana kashe mutane wajen miliyan 3 duk shekara, kuma mata da ƙananan yara su suka fi shaƙarsa. Ga tsadar itace, ga yaɓe da rufin ƙasa yake nema kafin kowace damina. Duk wanda ya ce ki bar gas ki koma hura wuta da mafici don ki burge baƙi, ba masoyinki ba ne.

Kuma a al'adarmu ba madafi ake yi wa kwalliya ba, ɗaki ne. Da muka shiga ɗakin Gwaggo sai ga jerenta na aure yana nan: tasoshi da fanteka a ƙasa, kwanukan samira masu furanni an ɗora ƙarami kan babba har kusa da rufi. Kafin su ƙorai ake jerawa, bayan su tangaran da kuloli suka karɓe fage. Yawancin irin wannan jere yanzu ya tafi. Tsohuwa tana rasuwa, kafin a yi arba'in an kira 'yan gwangwan sun auna a sikeli, akushi da turmi kuwa a jefa bayan ɗaki ruwa ya ci. Wannan ne ya fi ci mini rai, jika tana neman bashi ta sayi kwaikwayon tsohon kayan wasu, na kakarta yana tafiya a buhun bola.

Shawarata gare ki mai sauƙi ce. Ki bar gas ɗinki da famfo da taga mai faɗi. Bango ki ba shi launin jar ƙasa mara ƙyalli. A kafa miki katako biyu ko uku a buɗe maimakon kabad ta rufe ko'ina, ki jera samira da akushi da kwalaben kuka, kuɓewa, daddawa, kanwa da barkono. Faifai uku a bango sun fi hoton inabin da ba a nomawa a gonarku. Sharaɗi ɗaya ne: kada ki ajiye abin da ba za ki yi aiki da shi ba. Randar da babu ruwa a ciki gidan gizo-gizo ce, kuma a ƙurar hunturun Kano duk abin da ke fili sai kin goge shi kullum.

Ki fara tambaya a cikin dangi kafin kasuwa. Abin da bai samu ba, daga Mandawari zuwa Kasuwar Kurmi ba nisa, kasuwar da ke ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya mulki Kano daga 1463 zuwa 1499. Ƙorai da faya-fayi da ludaya da akussa duk suna nan, sai dai ki iya ciniki. In tukunya ko randa za ki saya a ko'ina ne, ki ƙwanƙwasa ta da yatsa: mai lafiya tana amsawa da ƙara garau, mai tsaga kuwa muryarta a dushe take.

Mu dai da la'asar muka fito, 'yar yayata rungume da akushi biyu da samira saiti guda. Randar ce Gwaggo ta hana. Ta ce wannan sai bayan ranta, kuma ko a lokacin sai wadda ta iya wanke ta.