Bakin kalangu

Ranar da muka fara saka waƙar a rediyo, ni ne a kan shirin yamma. Na gabatar da ita da kirari, na ce ga sabuwar murya daga Maradi, na danna. Ban kai ga cire abin saurare daga kunnena ba sai ga kiran tsohon da ya kaɗa mana kalangu. Bai yi dogon gaisuwa ba.

"Ɗana, wa ya kaɗa wannan?"

Na ce, "Kai ne mana, Baba."

Ya ce, "A'a. Ni kalanguna magana yake yi. Wannan kuwa kamar ana dukan kwanon rufi."

Aikina gabatar da shiri ne. A makarantar koyon aikin jarida da na yi a Yamai an koya mana yadda ake riƙe makirfo da yadda ake yanka hira, kuma an ja mana kunne cewa kada allurar sauti ta taɓa ja. Haɗa kiɗa da kaina na koya, daga tallar shaguna da 'yan waƙoƙin buɗe shiri. Don haka da ƙanen wani abokina ya zo da waƙarsa ta farko, ya ce ba shi da kuɗin zuwa Kano, na karɓa. Ya tara jika hamsin daga aikin kabu-kabu, rabi ya tafi wajen makaɗin. Buƙatarsa ɗaya ce: waƙar ta yi ƙarfi kamar na mawaƙan da ake lodawa a kati a kasuwa, kada a saka ta a fada ta ji kunya.

Ga inda matsalar take. A kwamfuta sauti yana da rufi, wato sifilin desibel, ba a wuce shi. Bugun kalangu kuma yana da tsini: lokacin da makaɗi ya sauka a kan fata, sautin yakan yi tsalle sama na ɗan ƙiftawar ido, sannan ya sauko. Wannan tsinin shi ke fara taɓa rufi, alhali murya da sauran kayan kiɗa suna can ƙasa. In ka sa limita, duk sa'ad da tsinin ya zo sai ta danne waƙar baki ɗaya, ta sake, ta danne, har ka ji kiɗan yana numfashi kamar mai haki. Kilifa ba ta danne komai. Aske kan tsinin kawai take yi, kamar wanzami, ta bar sauran yadda yake. Shi ya sa masu haɗa kiɗa ke son ta kafin limita.

Ni kuwa na samu wani fulogin na sata da wani yaro ya zuba mini, na ɗora shi a kan waƙar duka, na yi ta murɗawa ina jin daɗi. Kunne mayaudari ne, abin da ya fi ƙarfi shi yake cewa ya fi daɗi. Na aske wajen desibel bakwai. Tsinin ya tafi, amma askin ya shiga har cikin nama. Kalangu ba bugu kaɗai ba ne. Bayan bugun akwai amon da makaɗi ke lanƙwasawa da hammata, yana matse tsarkiya yana saki, sautin ya hau ya sauka kamar karin harshenmu. A nan maganarsa take. Ita na yanke.

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne cewa kafin sauti ya bar tasha, akwai wata na'ura a gaban mai watsawa wadda ita ma matsewa da askewa take yi. Tashoshin FM da yawa suna da irinta. Bob Orban da Frank Foti, waɗanda suka ƙera biyu daga cikin fitattun na'urorin nan, sun daɗe da gargaɗin cewa waƙar da aka riga aka aske ba ta ƙara ƙarfi a rediyo, tsatsa kawai take ƙarawa. Wato ni da nake aiki a gidan rediyo, na yi wa waƙa aski biyu.

Na cire ta daga jerin waƙoƙi a daren nan, na goge fulogin ɗin, na shiga neman wanda zan zauna da shi. Sunaye sun yi yawa, kowa da gwaninsa. Akwai Fruity Soft Clipper da ke zuwa cikin FL Studio, maɓalli biyu kacal, yaran situdiyo sun saba da shi. Akwai GClip da Free Clip, dukansu kyauta. Akwai na kuɗi irin StandardCLIP da KClip. Kuɗinsu ba wani tashin hankali ba ne, amma sai da katin banki mai saye a intanet, ni kuma ba ni da shi, sai na roƙi wani ya biya mini.

Na yi mako biyu ina gwaji, tsakanin shiri da shiri, in wuta ta bari. Ƙa'ida ɗaya na kafa wa kaina, kuma ita ta fi duk wani fulogin amfani: bayan na aske, sai in rage ƙarfin har ya yi daidai da na asali, sannan in kwatanta. Da na yi haka, rabin abin da nake kira daɗi ya ɓace. Sai na fara jin bambanci na gaskiya. Askin kai tsaye, mai kaifi, yana barin bugu da ƙarfinsa muddin kaɗan ka taɓa. Askin mai laushi yana fara lanƙwasa sauti tun kafin ya kai rufi, yana ba shi kauri, amma yana taɓa amon da nake son karewa. Ga kalangu, mai kaifin ya fi, abin da ban taɓa zato ba.

Sai wata ƙura da na riƙa ji a saman sauti, kamar yashi a tuwo. Aski yana haifar da ƙarin sautuka masu tsayi. Waƙar da aka ɗauka a 44,100 ba ta iya ɗaukar abin da ya wuce 22,050, saboda haka abin da ya haura sai ya juyo ƙasa ya zauna inda bai dace da kiɗan ba. Maganinsa shi ne fulogin ya ninka lissafinsa kafin ya aske. A nan Free Clip ya yi mini: yana da wannan ninkin, kuma yana barin ka ka zaɓi kaifi ko laushi. Kwamfutata tsohuwa ce, in na ninka da yawa sai ta fara tari, don haka nake aiki da ninki kaɗan, in ƙara lokacin fitar da waƙa. GClip na bar shi a gefe don yana nuna hoton sautin, kana ganin abin da kake yankewa da idonka. Na kuɗin kuwa ina jin yabonsu, wata rana zan saya, amma ba su ne suka hana ni barci ba.

Na koma kan waƙar. Na ɗora kilifa a kan kalangu shi kaɗai, desibel biyu, ban taɓa muryar yaron ba. Limita a ƙarshe ta ɗan riƙe, na bar desibel ɗaya tsakaninmu da rufi. Na saurara a lasifikan situdiyo, sannan a waya, sannan a ƙaramar rediyon mai gadinmu, domin irinta ce a hannun yawancin masu saurarenmu a ƙauye.

Yaron bai ji daɗi ba. Ya saka ta kusa da wata waƙa da ya lodo, ya ce, "Yaya, tawa ta fi sanyi." Gaskiya ne, ta fi. Na gaya masa cewa Spotify da YouTube suna rage masu ihu su daidaita su da sauran, amma shi ba can yake tunani ba, fada yake tunani, kuma a fada babu mai daidaita komai. A ƙarshe na fitar masa da kala biyu, ɗaya ta rediyo, ɗaya mai ɗan ƙarin ƙarfi ta kati. Har yau yana ganin na yi masa rowa.

Tsohon kuma na kai masa har gida a ranar da muka sake sakawa. Muka zauna a zaure, rediyo a kan tabarma. Bai ce komai ba har waƙar ta kai tsakiya, inda kalangu ke amsa wa mawaƙi. Sai na ga leɓensa yana motsi, yana bin abin da gangar ke faɗi. Da ta ƙare ya ce in dawo da wurin amshi na uku, wai hannunsa ya ɗan makara a nan, yana so a sake ɗauka.