Damana: Darasi a Bakin Tabki

Matafiyin da ya bar Yamai ya wuce Baleyara ya nufi Filinge zai iske Damana, hedkwatar Tondikandiya, zaune cikin Dallol Boso. Wannan kwari tsohon gulbi ne da ya ƙafe tun zamanin da. Ya sauko daga Azawak, ya ratsa ƙasar Kurfai, ya gangara har Bumba inda ya sadu da kogin Kwara. Ruwansa bai yi nisa ba, yana kwance ƙarƙashin rairayi, da damina kuwa sai ya bayyana tabki-tabki tsakanin gawo da goriba.

A ƙasashen gaɓar teku, malamai kan kai ɗalibai mashigar kogi don su duba ciyawar ƙarƙashin ruwa, domin da ita ake gane lafiyar wurin. Damana ba ta da teku, amma ƙa'idar ɗaya ce. Ciyawar ruwa tana buƙatar hasken rana. Idan zaizaya ta kwaso ƙasa daga tudun da aka sare wa itace, ruwa ya gurɓace, haske ya kasa shiga, sai ciyawa ta mutu, iskar da kifi ke shaƙa ta ragu, ƴaƴan tarwaɗa da karfasa su rasa maɓoya. Sannu a hankali tabkin ya cike, makiyayi da mai garka su rasa madogara.

Aunawar ba ta buƙatar kuɗi. Farin faifai da igiya sun isa: a zura shi cikin ruwa har ya ɓace wa ido, a auna tsawon igiyar, a rubuta. Masanin Italiya Anjelo Sekki ne ya gwada dabarar a 1865. Ɗan lakwal da ya yi haka kowane mako, ya kuma ƙidaya bado da burgu, ya lura ko kacala na mamaye baki, ya riƙe littafin tarihin tabkinsa. Sai dai a tsaya bisa gaɓa, saboda katantanwar da ke yaɗa tsargiya cikin ciyawar take.

Tun 2004 aka sanya kudancin Dallol Boso cikin jerin dausayoyin yarjejeniyar Ramsar. Amma takarda ba ta tsare tabki. Ma'aikacin da zai sa hannu kan izinin sare itace gobe, yau yana kan bencin lakwal.