Daga Fadamar Guri Zuwa Wata Fadama a Ingila

Makon jiya na je biki Guri, can gaba da Haɗeja. Ruwa ya soma janyewa, ana yankan shinkafa, tsuntsayen nan masu zuwa daga Turai kuwa sun cika fadama. Da dare mata suka kifa ƙwarya cikin ruwa suka shiga kiɗa. Wata waƙa ta yi mini daɗi ƙwarai, na tambayi wadda ta ƙago ta. Aka yi ta kallon juna. Wata tsohuwa ta ce, "Ai 'yar nan, ta wata mata ce, amma sunan ya ɓace."

Sai na tuna da Blythburgh, wani ƙauyen Ingila da na taɓa zuwa. Shi ma fadama ce, ga ciyawar ruwa kamar kacalarmu, ga tsuntsaye, sai dai sanyi ba a magana. Nan wata Baturiya, Doreen Carwithen, ta zauna tun daga 1961.

An haife ta a 1922. Sana'arta tsara kiɗan silima, watau kiɗan nan da ke tashi in doki ya zabura ko an shiga tashin hankali. Ba da ka ake yinsa ba. Sai ta kalli hoton, ta auna kowane wuri da agogo, sa'an nan ta rubuta wa kowane makaɗi nasa a takarda, masu goge daban, masu sarewa da ƙaho daban, har mai ganga, don duka su faɗa daidai da motsin hoto. Ta yi wa silima fiye da 30 wannan aiki, har da ta naɗin Sarauniya Elizabeth a 1953.

Amma masu buga takardun kiɗa ba su kula ta ba, wai don mace ce. Da ta koma ƙauyen nan sai kiɗanta ya yi ta raguwa, ta zama magatakardar William Alwyn, malaminta, wanda ta aura a 1975. Ni dai wannan ya ba ni haushi. Ta rasu a 2003, faifan da ya tattara kiɗan silimarta kuwa bai fito ba sai 2011.

Kafin in bar Guri na ba wata 'yar makaranta littafi da fensir, na ce ta bi tsofaffin unguwa ɗaya ɗaya har ta samo mini sunan mai waƙar nan. Ta ce in dakata sai an gama yankan shinkafa.