Fim ɗin da ya sa abokina barci

Daren Asabar da aka kawo wuta, mu huɗu 'yan Arewa muka taru a ɗakina nan Ibadan muka kunna fim a kwamfuta. Ni na zaɓa: Meek's Cutoff na 2010, labarin wasu iyalai Turawa da suka ɓata a jejin Oregon na Amurka a 1845, suna neman inda za su kafa gida. Ko minti talatin ba a yi ba ɗaya daga cikinmu ya fara minshari. Da ya farka sai ya ce, "Malam, wannan ai ba fim ba ne, ba harbi ba komai, sai tafiya."

Ni kuwa wallahi tafiyar ce ta kama ni. Mata na tsintar itace, ƙafar amalanke na ƙara, kowa na leƙa gangar ruwa yana lissafi a zuci. Na san wannan kallon. Haka kakata take kallon randa idan rani ya yi tsanani rijiya ta ja baya.

Finafinan kaboyi da muka taso muna kallo sun saba mana da dawakai a guje da jarumi mai farar riga. Amma a hanyar Oregon, mai tsawon kusan kilomita 3,200, shanu ne suka fi jan amalanke, mutane kuma a ƙasa suke takawa wata huɗu zuwa shida. Cuta, musamman kwalara, ta fi kashe su nesa ba kusa ba a kan harin 'yan asalin ƙasar. Waɗanda suka zauna a filayen Nebraska bayan dokar 1862, wadda ta ba mutum eka 160 idan ya zauna ya noma ta shekara biyar, da yawansu da ɓangorin ƙasa mai ciyawa suka gina ɗaki saboda babu itace, da busasshen kashin shanu suke girki. Duk ɗan ƙauye ya san mai irin wannan rayuwa ba ya yini da farar riga.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne Ba'indiyen da suka kama don ya nuna musu ruwa. Yana magana da yarensa, ba a fassara ko kalma ɗaya ba. Ƙasar kakanninsa ce, amma su suke masa kallon baƙo. Yawancin finafinan nan filin suke nunawa kamar ba shi da mai shi, mu kuma mu haɗiye.

Jama'a, da yawanmu tarihin wasu ƙasashe a fim muka fara saninsa. Ni yanzu tambaya biyu nake yi kafin in yarda da fim ɗin tarihi: ina suke samun ruwa, kuma wa suka tarar a wurin?

Abokin nawa dai ya rantse Asabar mai zuwa shi zai zaɓa. Allah ya kai mu.